Ranar da ɗana ya dawo daga makaranta da ƙaho

Ranar Laraba yaran firamare a nan Beljiyam rabin wuni suke yi, ana sha biyu an tashe su. Ni na je ɗauko nawa a ranar, don mai ɗakina ta kai ƙaramar awo. Ina tsaye bakin ƙofa cikin sanyin Nuwamba, hannu biyu a aljihu, sai aka buɗe, yara suka ɓarko kamar an tone gidan tururuwa, kowa da jan kaya. Ban shaida ɗana ba sai da ya zo ya rungume ƙafata. An zana masa tuta a kumatu, baƙi da rawaya da ja, ga kuma ƙahoni biyu na roba a kansa, jajaye, da ɗan batir a ciki suna ƙyafta wuta. Ya ɗago kai, baki har kunne, ya ce min da Faransanci: "Abba, ni shaiɗan ne!"

A'uziyya ce ta kuɓuce min da ƙarfi, har wasu iyaye suka waiwayo. Na zare ƙahon na cusa a aljihun kwat. Malamarsu ta hango, ta taho da irin murmushin nan da ake yi wa wanda ake ganin kansa bai gama wayewa ba, ta ce kada in damu, yau da dare ƙungiyar ƙasa za ta kara da Kanada a gasar ƙwallo ta cin kofin duniya a Qatar, shi ya sa aka ce yara su zo da ja. Ta ƙara da cewa ai dama ɗana petit diable ne na gaske, ba ya zama wuri ɗaya, amma kowa na sonsa. Wato a gaban idona ta kira ɗana ƙaramin shaiɗan, kuma tana jiran in ce na gode. Wannan ma mai sauƙi ne. Abin da ya tsaya min a maƙoshi shi ne wata mata a gefe, tana gyara wa 'yarta hula, ta ce da ƙawarta ƙasa-ƙasa amma yadda zan ji: "Muna 2022 fa." Ban tanka ba. Na kama hannun yaro muka nufi tashar taram, ɗan jirgin ƙasan nan na cikin gari, yana ta tambayata laifin me ya yi, ni kuma ba ni da amsar da zan ba ɗan shekara bakwai.

Sai na ɗan yi bayani saboda wanda bai san ƙasar nan ba. Ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasa sunanta Diables Rouges a bakin masu Faransanci, Rode Duivels a bakin 'yan arewacin ƙasar masu harshen Holan, ma'ana Jajayen Shaiɗanu. Tun 1906 sunan ya kama su, bayan da suka ci wasa uku a jere, Faransa sau ɗaya, Holan sau biyu, sanye da jar riga. Ƙasa ce da rabi ba sa son jin harshen ɗaya rabin, a taɓa yin sama da kwana 500 ba a kafa gwamnati ba saboda gardama, amma ranar wasa duk sai su zama shaiɗanu tare. Za ka ga an sa wa madubin mota safa mai launin tuta, tsofaffi sun rataya tuta a taga, mai burodi ya yi kek da ƙaho, 'yan mata da ɗan mashin roba mai baki uku. A 2018 da suka zo na uku a duniya, na je babban dandalin Brasels kallo, mutane maƙil, 'yan wasa sun fito barandar fadar magajin gari ana ta ihu. Na ɗaga kai sama. Hasumiyar ginin mita 96 ce, a ƙololuwarta kuwa gunkin Mala'ika Mika'ilu ne na ruwan zinare, ya danne shaiɗan da ƙafa, kuma wannan hoton ne tambarin birnin. A sama ana take shi, a ƙasa ana yi masa tafi, babu wanda ya ga abin mamaki a ciki sai ni baƙo.

Da a ƙwallo abin ya tsaya, da na ce shirme ne na 'yan kallo. Makona na farko a garejin da nake aiki, a unguwar Heyvaert inda ake tara motocin nan da kuke kira 'yan Beljiyam kafin a loda su jirgin ruwa zuwa Kwatano, ogana ya nuna wani inji a ƙasa ya ce in je in kawo shaiɗan. Na tsaya ina kallonsa. Ya maimaita, ya ga ban motsa ba, sai wani ɗan Damagaram da ya riga ni zuwa ya ja ni gefe yana dariya, ya nuna min ɗan keken nan mai taya biyu da ake turo kaya masu nauyi da shi. Shi ne diable. Shekara goma sha ɗaya ke nan kullum ina tura shaiɗan a wurin neman halal ɗina. Giyarsu da suke ji da ita sunanta Duvel, shaiɗan ke nan da karin harshen yankin da ake yin ta, kuma ba su yi ƙarya ba a nan. Ka shiga kanti a arewacin ƙasar neman ashana, a jikin kwalin an rubuta lucifers. Kaza mai yaji a gidan abinci, kazar shaiɗan ce. Talaka abin tausayi, pauvre diable. Wanda wata bai ƙare ba albashi ya ƙare, sai su ce yana jan wutsiyar shaiɗan, karin maganar da duk wani baƙo a garin nan ya san ta a aikace tun kafin ya ji ta. A babbar majami'ar birnin Liège kuwa, a bayan mumbari, akwai gunkin Iblis na farin marmara, saurayi kyakkyawa mai fikafikan jemage, zaune ya dafe kai. Wani masassaƙi Guillaume Geefs ne ya yi shi a 1848, kuma dalilin yin sa shi ne wanda ƙanensa ya fara sassaƙawa an ce ya cika kyau, yana ɗauke hankalin mata masu zuwa ibada, aka cire. Yau 'yan yawon buɗe ido layi suke yi su ɗauki hoto da shi.

A ƙasanmu akwai wani tsoho, matarsa ta rasu, 'ya'yansa sai Kirsimeti suke leƙo shi. Shekara fiye da talatin ya yi yana koyar da Girkanci da Latinanci a sakandare. Muna kiransa Malam, tun yana dariya har ya saba, kuma idan mai ɗakina ta soya ƙosai ba ta manta shi. Da yammacin ranar na taya shi hawo da kayan cefane, ya ga fuskata ba daidai ba, ya tambaya. Na ciro ƙahon na nuna masa. Bai yi dariya ba, wannan na yaba masa. Ya ce in zauna, ya ɗora shayi, ya ce: "Maƙwabci, ku me kuke ce masa da harshenku?" Na ce Shaiɗan, ko Iblis. Sai idonsa ya kawo haske irin na maharbin da ya hango sawu. Ya jawo ambulan ɗin takardar kuɗin wuta, ya juya bayansa, ya fara rubutu.

Ya ce diable asalinta diabolos ce ta Girkanci, kuma tun kafin ta zama sunan kowa, kalma ce ta yau da kullum: mai ɓata suna, annamimi, wanda zai ɗauki magana daga nan ya kai can. Gaɓa biyu aka haɗa, dia mai nufin ƙetarawa ko ratsa tsakani, da ballein mai nufin jifa. Mai jefa magana tsakanin mutane ke nan. Ina jin haka sai kalmarmu ta ƙazafi ta faɗo min, don ita ma a Larabcin da muka aro ta, jifa take nufi. Na gaya masa, ya rubuta a gefe da murna kamar na ba shi kyauta. Ya ci gaba da cewa Yahudawan Iskandariyya ta Masar, tun kusan ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, da suka fara juya littattafansu daga Ibrananci zuwa Girkanci, sai suka ɗauki wannan kalma suka fassara satan da ita. Daga nan ta shiga Latinanci ta zama diabolus, kowace ƙabila kuma ta lanƙwasa ta daidai bakinta: diable, diablo, diavolo, duivel, devil, har Teufel na Jamusawa da ba za ka taɓa cewa dangi ba ne. Ya ja layi daga magulmacin kasuwar Atina har zuwa kwalbar giyar da ke kan teburinsa.

Ita kuma satan, in ji shi, a tsohon Ibrananci abokin gaba ce ko mai shigar da ƙara, kuma mutum ma ana iya kiransa da ita. Ya ce a Attaura akwai inda mala'ikan Ubangiji ya tare wa wani Bal'amu hanya yana kan jakarsa, aka ce ya tsaya masa a matsayin satan, wato mai tare hanya. A littafinsu na Ayuba ma aikinsa ya fi kama da na mai gabatar da ƙara a kotu. Duk wannan ina ji ina gyaɗa kai, ilimi ne. Sai ya rubuta diabolos, ya soke harafin farko, ya gyara wasula, ya turo min takardar. Ya ce: "Ga Iblis ɗinku. Masana da yawa a nan sun tafi a kan cewa kalma ɗaya ce. Kai da malamar ɗanka suna ɗaya kuke kira."

Na ajiye kofin shayi ban shanye ba. Na yi masa sai da safe da ladabi, amma raina ya ɓaci fiye da yadda ya ɓaci a ƙofar makaranta. Ji na yi kamar mutum ya shigo har ɗakin mahaifiyata ya ɗaga tabarma ya ce wannan ma tasu ce.

Abin da na sani tun ina gaban malaminmu a zaure a Katsina shi ne Iblis daga ablasa take, ɗebe tsammani, domin ya ɗebe tsammani daga rahamar Allah. Haka Imam Ɗabari ya fassara, kuma kalmar tana nan a Alƙur'ani: a Suratur Rum an ce ranar da Sa'a za ta tsaya, yublisul mujrimun, masu laifi za su yanke ƙauna. Da dare na kira wani abokina da ya yi karatun Larabci mai zurfi, ina neman ya ba ni sandar da zan koma in rama. Sai ya ce in kwantar da hankali, ba Turawa ne suka fara wannan magana ba. Sunan ya zo sau 11 a Alƙur'ani, kuma ko sau ɗaya bai karɓi tanwini ba, kamar yadda Ibrahim da Isma'il ba sa karɓa, shi ya sa tun da can wasu manyan malaman nahawu suka ce baƙon suna ne da ya shigo Larabci. Imam Suyuɗi ma littafi guda ya yi a kan kalmomin Alƙur'ani da aka ce asalinsu daga wasu harsuna suke, babu wanda ya ce ya fita daga addini. Ita ma shaiɗan ɗin, in ji shi, malamai sun kasu biyu: wasu sun ce daga shaɗana ce, yin nisa, don ya nisanta daga alheri, wasu sun ce daga shaɗa ce, ƙonewa. Na tuna a Faransanci idan gidan mutum ya yi nisa ƙwarai sai a ce yana zaune au diable, can wajen shaiɗan. Na yi dariya ni kaɗai a kicin. Amma ni dai har gobe ina tare da Ɗabari. Ko ta ina sunan ya biyo, mu daga Maka da Madina ya iso mana, da ma'anarsa a goye.

Washegari na koma wajen Malam, don ba a fushi da tsoho ya kwana biyu. Ranar ya ba ni labarin Lucifer, ya ce a Latinanci mai ɗauke da haske take nufi, sunan tauraron asuba ne, gamzakinmu ke nan. A littafin Ishaya an yi wa wani sarkin Babila habaici da shi, cewa ga tauraro ya faɗo, daga baya masu tafsirinsu suka ce ai Iblis ake nufi, sunan ya bi shi. Ashe masu ashana ne suka riƙe ma'anar ta asali. Beelzebub kuma gunkin mutanen wani gari ne da ake kira Ekron, maƙwabtan Bani Isra'ila, sunan na nufin ubangijin ƙudaje. A Farisa div mugun aljani ne, a Indiya deva abin bauta ne, kuma tushensu ɗaya. Ya ce ɗabi'ar ɗan Adam ce, idan yana neman sunan da zai ba shaiɗan sai ya leƙa gidan maƙwabci ya ɗauko abin bautarsa.

Nan ne na samu nawa abin faɗa, kuma na ji daɗin ganin shi ne yake rubutawa. Na ce a ƙasarmu an yi haka, ba da nisa ba. Samuel Ajayi Crowther, Bayaraben da aka 'yanto daga jirgin bayi yana yaro, wanda ya zama bishop baƙar fata na farko a cocin Ingila a 1864, da ya zo rubuta ƙamus da fassarar Baibul da Yarbanci, sai ya ɗauki Eshu ya ajiye a gurbin shaiɗan. Eshu kuwa a addinin gargajiyarsu ɗan aike ne mai tsaron mararraba, mai wayo da gwada mutane, ba shi ne tushen sharri ba. Har yau masu gargajiya a ƙasar Yarbawa suna fita zagaye a watan Disamba da kwalaye an rubuta Eshu ba shaiɗan ba ne. Inyamurai ma haka aka yi wa Ekwensu ɗinsu. Mu Hausawa mun tsira daga wannan, domin lokacin da 'yan mishan suka iso, Musulunci ya riga su da ɗaruruwan shekaru, sun tarar da Shaiɗan da Iblis a bakin kowa, da su aka yi aiki a Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, da su Hausawa Kirista suke addu'a har yau. Babu wanda ya buƙaci ya kamo Sarkin Rafi ko Doguwa ya naɗa musu wannan rawani. Ko da yake ban gaya wa Malam sauran ba: wani Bature Tremearne da ya rubuta littafi a kan bori a 1914 shaiɗanu ya kira iskokin tun daga bangon littafin, mu ma kuma da bakinmu mun haɗa iska da aljan da shaiɗan a kwando ɗaya, har ɗan iska ya zama zagin da kowa ya sani.

To, duk wannan ilimi na ji, na kuma gode. Amma bayan na hau sama na kwanta, abin da na yi ta juyawa shi ne: Malam ya san salsalar sunan nan kaka da kakanni, harshe bakwai ko takwas, kuma ko gezau ba ya yi in an ambace shi. Hajiyata a Katsina ba ta san diabolos ba, ba ta san shaɗana ba, amma ba za ta yi hamma ba ta rufe baki ba. A cikin su biyun wa ya san shi? Su sun mayar da shi abin ajiya a gidan tarihi, sun manna masa takarda da kwanan wata, suka ɗauko fatarsa suka ɗinka wa yara kayan wasa. A gida kalmar tana da rai, tana aiki. Ba sai na gaya muku yadda ake kwashe yara daga waje da magariba ba, ko yadda ake buge hannun hagu daga kwano. Abin da na fi kewa shi ne yadda idan 'yan'uwa biyu suka yi kaca-kaca, dattijo zai zo ya ce ku kori shaiɗan, shi ne ya shiga tsakaninku. Kowa ya san wanda ya yi laifi, amma an buɗe wa mai laifin ƙofar da zai fita ba tare da an tozarta shi ba, a ɗora wa la'ananne, a yi musafaha, a ci tuwo. Annabi Yusuf ma da ya haɗu da 'yan'uwan da suka jefa shi rijiya, cewa ya yi shaiɗan ne ya ɓata tsakaninsu. A nan babu na ukun da za a ɗora wa. Maƙwabta biyu a bene ɗaya, kan kwandon shara, sai wasiƙa mai rajista ta gidan waya, sai lauya, sai a shekara goma ba a gaisa a matakala ba. Na gani da idona a gidan da nake ciki.

Na san abin da wani zai ce, don Malam ma ya faɗa min, cikin raha. Ya ce nasu shaiɗan ya yi ritaya yana karɓar fansho, namu kuwa da alama aiki ya yi masa yawa. Ban ji daɗi ba amma na gane inda ya dosa. Duk wanda aka kama a gida, daga ɓarawon akuya har wanda ya lalata 'yar maƙwabcinsa, da an kara masa makirufo sai ya sunkuyar da kai ya ce sharrin shaiɗan ne. Alhazanmu a Mina har takalmi suke cirewa su jefa, su dawo gida su ci gaba da tauye mudu. A nan kuwa na taɓa mantuwa da jakata a taram, da takarduna da kuɗi a ciki, na same ta cif. Wannan gaskiya ce, ba zan ɓoye ba. Sai dai kada a gaya min wai don sun daina tsoronsa ne ya bar ƙasarsu. A 1906 ɗin da suka fara kiran 'yan ƙwallonsu da wannan suna suna nishaɗi, Kwango gonar sarkinsu Leopold na Biyu ce shi kaɗai, daga 1885 har 1908, ana yanke wa mutane hannu saboda roba ba ta cika awo ba. Gunkinsa a kan doki yana nan tsaye kusa da fada, ina wuce shi. Wanda ya fi kowa ci musu ƙwallo a tarihi, Lukaku, iyayensa 'yan Kwangon ne, in ya ci ɗan ƙasa ne, in ya ɓarar sai a tuno asalinsa. Wanda ya ce muna 2022, ya fara gaya min shekarar da aka kama shaiɗan aka rufe.

Ranar Lahadi Maroko ta lallasa Beljiyam ci biyu da nema. Ba zan yi ƙarya ba, na yi tsalle a falo, na yi kabbara, har mai ɗakina ta leƙo daga kicin ta ce in ji tsoron Allah akwai maƙwabta. Unguwarmu rabi 'yan Maroko ne, hon ɗin mota har dare, daga baya wasu matasa suka ɓata abin da ƙone-ƙone a tsakiyar gari, 'yan sanda suka fito da motar ruwa. Ina cikin murnata na juya na ga ɗana a ƙarshen kujera, ya haɗa kai da gwiwa yana kuka. Na ce me ya faru? Ya ce an ci mu. Mu. Na buɗe baki in ce ai ba mu ba ne, sai na tuna a asibitin da ke bayan layinmu aka haife shi, Katsina sau ɗaya ya taɓa zuwa yana goye.

Don in faranta masa na kira Hajiya ta bidiyo, tunda yanzu da sanyi agogonmu ɗaya da gida. Tana zaune a tsakar gida kan darduma, ana jin kiran sallah daga masallacin unguwa, har ƙarar injin markaɗen maƙwabta na jiyo, ƙirjina ya yi nauyi. Yaro da ya ga kakarsa sai ya ware, ya hau kan kujera yana tsalle, ya ɗauki hulata ya kifa a ka, ya faɗo, ya sake hawa. Hajiya tana dariya har da tafa hannu, ta ce: "Kai maigida, wannan shaiɗanin miji nawa, ina zan kai ka? Ai ka fi ubanka shaiɗanci, shi ma haka ya ishe ni."

Yaron ya tsaya cak. A duk maganar nan kalma ɗaya ya tsinta. Ya sauko daga kujera a hankali, ya matso kusa da kunnena, ya tambaye ni da Faransanci me ya sa Hajiya take zaginsa, kuma in ita ta faɗa ba laifi, me ya sa na ƙwace masa ƙaho.

Sai a lokacin na ji abin da kunnena ya saba ji tun ina yaro har ya daina ji. Shaiɗanin yaro. Shaiɗanin direba, wanda zai baro Kano bayan azahar ya yi la'asar a Katsina. Shaiɗanin ɗan wasa, wanda ya yanke mutum uku ya ci. Mu ma muna yi, da sha'awa muke faɗa, wani lokaci har da alfahari. Abin da malamar nan ta ce da ɗana, shi uwata ta ce da shi, kusan kalma da kalma. Har ƙahon ma ba baƙonmu ba ne, tunda an hana mu sallah lokacin da rana ke hudowa saboda tana fitowa ne tsakanin ƙahonin shaiɗan. Zan iya cewa akwai bambanci, kuma na yarda akwai: mu a baki muke faɗa, ba ma ɗinka shi mu sa wa yaro a ka, kuma bakin da ya yi wasan shi ne zai yi a'uziyya kafin ya kwanta. Hajiya ta san lokacin wasa da kalmar, ta san lokacin gudunta. Amma wannan sanin ba a koyar da shi a aji, a tsakar gida ake shaƙarsa, tsakanin kaka da jika da 'yan uba da 'yan bakin rijiya. Ɗana ya san diable da duk wasanta da zaƙinta, don a cikinta yake kwana yake tashi. Shaiɗan kuwa bai san shi ba sai a makarantar Islamiyya ta ranar Asabar, da kuma bakina idan raina ya ɓaci. Rabin kalmar na ba shi, rabin mai ban tsoro. Hausarsa duka ba ta wuce ina kwana, lafiya lau, na ƙoshi ba, kuma ba malamarsa ce ta yi masa haka ba. Ni ne nake dawowa daga gareji a gajiye, ya yi min magana da Faransanci in amsa masa da Faransanci don ya fi sauri.

Hajiya tana ta cewa, "Me ya ce? Me maigidan ya ce?" Na ce cewa ya yi yana gaishe ki. Ta yi shiru tana kallona ta cikin waya, irin kallon da take min tun ina satar ƙuli-ƙulinta. Ta ce: "Ka kawo min shi ya shekara a nan." Na ce in sha Allahu, kamar yadda na ce bara da bara waccan. Mai ɗakina da ke tsaye bakin ƙofa ta juya ta koma kicin.

Ranar Alhamis aka fitar da Beljiyam daga gasar bayan sun tashi babu ci da Kuroshiya, tutoci suka fara sauka daga tagogi. Jiya da asuba a tashar taram na sa hannu a aljihun kwat neman katina, sai na taɓo robar. Ban san na danna ba, na ciro hannu na ga aljihuna yana ƙyafta jar wuta, wata tsohuwa da ke kusa da ni tana kallo tana murmushi. Na laluba na kashe, na bar shi a ciki.